Bazara Ta Kama: Yadda Za A Tsare Injin Tsohuwar Mota Daga Tafasa

Daga tsakiyar watan Maris zuwa ƙarshen Mayu, duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Maiduguri, ko ta Gusau zuwa Sakkwato, ba ya rasa ganin mota tsaye a gefen titi, an ɗage murfin injinta, tururi yana tashi, fasinjoji sun fake a gindin itace, yaron mota kuwa ya nufi ƙauye da galan wajen neman ruwa. Idan aka tambayi mai motar abin da ya faru, amsar ba ta wuce ɗaya: zafin rana ne.

Sai dai a kan wannan titi, cikin wannan rana, ga waɗansu motocin sa'o'inta suna wucewa lafiya lau. Ke nan rana ba ita kaɗai ke da laifi ba. Abin da bazara take yi shi ne ta tona asirin sakacin da aka tara tun cikin damina da hunturu, lokacin da sanyin gari yake rufa wa mota asiri. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Wannan magana ta shafi ma'aikacin gwamnati ƙwarai da gaske. A shekarar 1975, sa'ad da aka biya kuɗin Udoji, kuma kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri cikin Kaduna, ma'aikaci mai matsakaicin matsayi yana iya sa ran hawa sabuwar mota. Peugeot 504, wadda jama'a suke kira Fijo, ta zama motar ofis, ta zama motar haya, ta zama motar gida, har aka ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna shekaru da dama bayan an daina yin ta a Faransa. Yau al'amari ya sake. Tun daga 2023, da aka janye tallafin man fetur darajar Naira kuma ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi, har ma ta hannu ta yi tsada. Wanda yake da mota, kowace iri ce, galibi ta kwana biyu a duniya, kuma idan injinta ya ƙone ba lalle ba ne ya sami halin sake wani. Saboda haka sanin yadda ake tsare inji daga zafi ya zama wani ɓangare na tattalin gida.

INDA ZAFIN YAKE FITOWA

Injin mota murhu ne. Cikin kowace silinda ana ƙona fetur sau ɗaruruwa a minti guda, zafin wutar kuwa yakan haura digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyas. Sanholon da ake yin kan silinda da shi a mafi yawan motoci yana narkewa a digiri 660. Daga cikin ƙarfin da ke cikin man da aka ƙona, kimanin kashi ɗaya cikin uku ne, ko ƙasa da haka, yake juya taya. Wani kashi ɗayan yana fita ta salansa. Ragowar kashi ɗayan kuwa yana shiga jikin ƙarfen inji, kuma dole a kwashe shi a zubar a waje, in ba haka ba inji ya cinye kansa.

Ruwa ne yake wannan aiki. Akwai hanyoyi da aka huda cikin jikin inji kewaye da silindoji. Famfon ruwa yana tura ruwa ta cikinsu, ruwan ya kwashi zafi, ya bi ta tiyon sama ya shiga lagireto. A can yakan rarrabu cikin siraran bututu masu yawa, iska ta ratsa tsakaninsu ta ɗauke zafin, sa'an nan ruwan ya komo inji ta tiyon ƙasa. Idan mota tana gudu, iskar da take karo da ita ta isa. Idan tana tsaye ko tana jan ciki cikin cunkoso, fanka ce take jawo iskar. An tsara inji ya yi aiki a wajen digiri 90, kada ya yi ƙasa da yawa, kada kuma ya haura.

LISSAFIN BAZARA

Ɗalibin da ya yi kimiyya a sakandare ya san cewa zafi yana gudu ne daga abu mai zafi zuwa wanda bai kai shi ba, kuma gwargwadon ratar da ke tsakaninsu, gwargwadon saurin gudun. A nan duk asirin yake.

A ɗauka ruwan da ke shiga lagireto yana digiri 90. Da safiyar hunturu, iskar waje tana iya kasancewa digiri 20. Rata ke nan ta digiri 70. Da azahar ɗin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Nguru, inda zafi yakan wuce digiri 40, a ce iskar tana digiri 42. Ratar ta koma 48. Watau lagireton nan, ba tare da ya sake ko kaɗan ba, ya rasa kusan sulusin ƙarfinsa. Idan kuma aka kunna na'urar sanyaya ciki, sai abin ya ƙaru, domin nata lagireton yana gaban na inji, shi yake fara dumama iskar kafin ta iso, ga kuma nauyin da take ɗora wa inji.

Masu ƙera mota sun san da wannan, shi ya sa suke yin lagireto da girman da ya fi buƙata. Amma wannan rara ita ce shekaru suke cinyewa sannu a hankali: tsatsa ta toshe bututu kaɗan, ƙura ta like tsakaninsu, fambel ya saki, murfi ya gaji. A cikin sanyi ragowar tana isa, mai mota bai ga komai ba. Ranar da bazara ta ɗauke sulusinta, sai a tarar babu sauran abin da za a ci bashi.

RUWAN DA AKE ZUBAWA

Babban abin da yake kashe lagireto a ƙasar nan shi ne ruwan da ake ɗura masa. Mai mota yakan zuba duk wanda ya samu, na rijiya ko na burtsatse ko na kududdufi. Duk matar da ta daɗe tana dafa ruwa a tukunya ɗaya ta san farin ɓawon nan da yake mannewa a gindinta. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ɗauke da narkakken dutse, musamman a yankunan da suke da irin dutsen da ake yin siminti da shi, kamar kewayen Kalambaina a Sakkwato. Abin da yake faruwa cikin tukunya shi yake faruwa cikin inji, sai dai bututun lagireto siriri ne, ɓawo kaɗan ya isa ya shaƙe shi.

Na biyu, tsatsa. Injin 504, alal misali, gangar jikinsa ƙarfen zubi ne, kansa kuwa sanholo. Idan ƙarafa biyu mabambanta suka haɗu cikin ruwa ɗaya, ɗayan yakan riƙa cin ɗayan, kamar yadda yake faruwa cikin batir. Shi ya sa ake ganin ruwan tsohuwar mota ya yi ja kamar ruwan kwata bayan an yi ruwan sama. Wannan jan ruwa jikin inji ne yake narkewa, har fukafukan famfon ruwa sukan cinye su zama ba sa tura komai.

Maganin abin shi ne ruwan sanyaya inji da ake sayarwa a galan, mai launin kore ko ja ko shuɗi. Mutane da yawa suna ɗauka na ƙasashen sanyi ne kurum, domin a can amfaninsa na farko shi ne hana ruwa daskarewa. Amma yana da waɗansu amfani biyu da suka shafe mu: yana ɗauke da magungunan hana tsatsa, kuma yana ɗaga matakin tafasa. Idan aka gauraya shi rabi da rabi da ruwa, ba ya tafasa sai wajen digiri 107. Wanda ya zo da kaurinsa dole a sirka shi, domin tsurarsa bai kai ruwa iya ɗaukar zafi ba. Wanda aka riga aka sirka kuwa a zuba shi yadda yake. A karanta jikin galan. Ruwan sirkin ya zama tatacce, irin wanda ake ƙara wa batir, ba mai asid ɗin ba. Kada a haɗa iri biyu, kuma irin na da, mai launin kore, ana sake shi duk bayan shekara biyu, domin magungunan da ke cikinsa suna ƙarewa. Abin lura kuma, ruwan nan yana da zaƙi a baki amma guba ne. A nisanta shi daga yara da dabbobi, kada a zuba shi a gorar ruwan sha.

Akwai direbobin da idan lagireto ya fara yoyo sukan zuba masa ɗanyen ƙwai ko garin rogo ko sabulu. Wani lokaci dabarar takan toshe hujin har a kai gari. Amma abin da ya toshe huji shi zai toshe bututu. Wanda larura ta sa ya yi haka, ya kamata da isarsa gari ya kai wa mai gyaran lagireto a wanke, a like hujin yadda ya kamata.

MURFIN DA AKA RAINA

Babu abin da aka raina a jikin mota kamar murfin lagireto, har akan ga an maye gurbinsa da tsumma ko leda. Alhali kuwa yana cikin mafi muhimmanci. Ruwa yana tafasa a digiri 100 a bakin teku. A Jos, wadda take bisa tudu na wajen mita 1,200, yana tafasa a wajen digiri 96. Inji mai aiki a digiri 90 ke nan yana dab da bakin rami. Aikin murfin shi ne ya danne ruwan, domin ruwan da aka matse ba ya saurin tafasa. A jikin murfi akan buga lamba, kamar 0.9 ko 1.1, wadda take nuna ƙarfin dannewarsa. Murfi irin wannan mai lafiya yakan hana tsurar ruwa tafasa sai wajen digiri 120.

Da zarar robar murfin ta tsage, ko ƙarfen da ke danne ta ya gaji, wannan rata ta digiri 20 ta tafi. Ruwa ya riƙa tsiyayewa kaɗan-kaɗan, mai mota yana ƙarawa kullum safiya yana cewa motarsa tana shan ruwa. Mota mai lafiya ba ta shan ruwa. Duk ruwan da ya ragu, wani wuri ya bi. Murfi yana cikin mafi arahar kayan gyara. A saya mai lambar da aka tsara wa motar, domin wanda ya fi ƙarfi yana iya fasa tsohon tiyo ko tsohon lagireto.

AL'ADAR CIRE TAMOSTAT

A bakin hanyar da ruwa yake bi daga inji zuwa lagireto akwai wata 'yar ƙofa da ake kira tamostat. A cikinta akwai kakin da yake kumbura idan ya ji zafi. Muddin inji yana da sanyi, ƙofar a rufe take, ruwa yana zagaya cikin inji kawai har ya ɗumama. Idan ya kai tsakanin digiri 80 da 90, sai ta buɗe.

Ya zama al'ada a garejinmu, da zarar mota ta shigo ƙasa, ko ta fara zafi, sai bakanike ya cire tamostat ya jefar, ya ce na ƙasar Turawa ne. Hujjar tana da daɗin ji, kuma gaskiya ne tsohuwar tamostat takan maƙale a rufe ta tafasa inji cikin 'yan mintoci. Amma maganin lalatacciya shi ne a sa sabuwa. Cire ta yana jawo abubuwa uku. Na farko, inji yakan daɗe bai ɗumama ba, musamman da safe da cikin hunturu, a lokacin ne kuwa fistin da silinda suka fi cin juna. Na biyu, a motocin da kwamfuta take auna musu mai, kwamfutar tana ganin inji da sanyi sai ta ƙara masa fetur, wanda a farashinsa na yau ba ƙaramar asara ba ce. Na uku, a injuna da yawa tamostat idan ta buɗe hanyar lagireto, a lokaci guda tana rufe wata gajeriyar hanya da ruwa yake bi ya koma inji. Idan babu ita, wani ɓangare na ruwan zafi yakan bi gajeriyar hanyar bai taɓa lagireto ba, sai a sami motar da aka cire wa tamostat don ta yi sanyi, ita ce kuma take tafasa a kan doguwar tafiya.

Gwada ta ba wuya. A sa ta cikin tukunya da ruwa a ɗora a wuta. Mai lafiya za ta buɗe kafin ruwan ya tafasa, ta kuma rufe idan ya huce.

Haka nan al'adar haɗa fanka kai tsaye, ta riƙa juyawa daga kunna mota har kashe ta. Galibi abin da ya lalace ɗan makunnin da yake jin zafi ne, ko fis. Haɗawa kai tsaye tana ɓoye ciwon ne kurum, tana kuma gajiyar da fankar, wata rana ta mutu a tsakiyar cunkoso ba tare da sanarwa ba.

DUBAWAR DA ZA A YI KAFIN ZAFI YA TSANANTA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙarshen Fabrairu, bayan ƙurar hunturu ta lafa, shi ne lokacin duba mota. A wanke fuskar lagireto da ruwa marar ƙarfi, daga baya zuwa gaba, domin ƙura da ƙwari da ledar da suka like su fita. Famfon wankin mota mai ƙarfi yakan lanƙwashe siraran fukafukansa. A matsa kowane tiyo da hannu sa'ad da inji yake da sanyi: wanda ya yi laushi kamar ɓawon ayaba, ko ya kumbura, ko ya bushe yana tsattsagewa, a sake shi. A danna fambel da babban yatsa. Idan ya lotsa fiye da santimita ɗaya ko makamancin haka, ko yana ƙara da safe, a ɗaure shi ko a sake shi, a kuma ajiye wani a but. A duba ƙarƙashin famfon ruwa ko akwai alamar tsiyaya. Motocin da lagiretonsu yake da tankin roba, a duba wurin da robar ta haɗu da ƙarfe, nan ne take fara tsagewa idan ta tsufa. Kada a cire rumfar da ta kewaye fanka, ita take sa iska ta bi ta cikin lagireto maimakon ta gefe. A duba baƙin mai, domin shi ma yana kwasar zafi. A tabbata kuma allurar zafi da ke gaban direba tana aiki. Tuƙa tsohuwar mota da matacciyar allura cikin bazara tafiya ce cikin duhu.

Mai mota da ya lura da lokacin da motarsa take zafi ya rage wa bakanike rabin aiki, ya kuma tsare aljihunsa daga sayen abin da ba shi ne ya lalace ba. Idan cikin cunkoso kawai take zafi, da ta sami hanya kuma ta huce, a tuhumi fanka. Idan a cikin gari lafiya take, sai a kan gudu ko a hawan tudu irin Hawan Kibo na hanyar Jos, a tuhumi toshewar lagireto ko famfon ruwa. Idan daga tashi ba a jima ba allura ta hau, ko dai babu ruwa ko tamostat ta maƙale. Idan kuwa ana ganin kumfa tana tasowa a bakin lagireto, ko farin hayaƙi mai yawa daga salansa bayan inji ya ɗumama, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, to gasket ɗin kan silinda ya ƙone, kuma babu yawan ruwan da zai warkar da shi.

IDAN ALLURA TA HAU A KAN HANYA

Mintocin farko su suke raba ƙaramin gyara da babban. Da ganin allura ta doshi ja, a kashe na'urar sanyaya ciki. Idan hitar motar tana aiki, a kunna ta har ƙarshe a buɗe tagogi, domin ita ma ƙaramin lagireto ce. A nemi wuri mai aminci a sauka daga titi. Idan tururi yana fita, ko allura ba ta sauko ba, a kashe inji. Kuskuren da ya fi tsada shi ne cewa bari a lallaɓa a kai gari na gaba. Kan silinda na sanholo yakan karkace idan ya sha zafi, daga nan sai sauke shi, a kai a goge, a sayi gasket; idan abin ya yi muni fistin ya kama, inji ya tashi aiki gaba ɗaya. A kuma sani, idan ruwa ya zube duka, allura tana iya saukowa, domin abin da yake auna zafin ba ya cikin ruwa kuma. Wannan saukowa ba sauƙi ba ne.

Kada a buɗe murfin lagireto a lokacin. Ruwan da ke ciki ya wuce digiri 100, murfin ne kaɗai ya hana shi tafasa. Ana buɗewa zai yi tsiri ya ƙona fuska da hannu. A jira aƙalla rabin sa'a, har a iya riƙe tiyon sama da hannu kuma ya saki. Sa'an nan a rufa tsumma mai kauri a kan murfin, a murɗa shi kaɗan iska ta fita, kana a cire. Kada a kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi, ƙarfe yana iya tsagewa. Idan an duba babu fasasshen tiyo kuma fambel yana nan, a tayar da inji a riƙa zuba ruwan a hankali. A irin wannan hali kowane ruwa mai tsabta ya wadatar, amma da isa gida a juye shi a sa wanda ya dace.

Tsofaffin direbobin haya suna da wata hikima da ta cancanci koyi: cikin bazara sukan tashi da an sallame sallar asuba, su ci rabin hanya kafin rana ta take, su huta da azahar. Ba sa kuma danne mota a babbar giya a kan tudu, domin inji mai nishi a hankali yana tara zafi, famfonsa kuwa yana juyawa a hankali. A rage lodi, a ɗauki galan na ruwa, a riƙa kai ido ga allura kamar yadda ake kai shi ga madubi.

Murfi, tamostat, fambel, tiyo biyu da galan na ruwan sanyaya inji, duka kuɗinsu bai kama ƙafar kuɗin sauke kan silinda ba, balle na sayen wani inji. Ma'aikacin da ya ware musu wani abu daga albashin Fabrairu, ya kuma tsaya a kan bakanikensa ya ga an mayar da tamostat wurinta, yana da kyakkyawan zaton motarsa za ta kai shi damina lafiya.